Yadda ake gane ma'anar "skrrt" da 'yan uwansa a waƙoƙin rap

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Ran nan mahaifiyarmu ta aike shi kasuwa, yana karɓar kuɗin sai ya ce "skrrt!" ya fice fit. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Me yaron nan ya ce? Zagi ne?" Na ce, "A'a Umma, kukan tayar mota yake kwaikwayo." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To me ya haɗa aike da taya?"

Amsar da na ba ta gaskiya ce, amma rabi ce, kuma tambayarta ta biyu ita ce ainihin maganar. Sautukan nan da mawaƙan rap ke jefawa tsakanin ɗango da ɗango ba su da ma'ana guda ɗaya da za ka buɗe ƙamus ka ɗauko. Kamar tsaki suke. Tsakin da uwa ta yi wa ɗanta daban, wanda direba ya yi a cunkoso daban, wanda budurwa ta yi tana murmushi daban, alhali duk "mtsw" ɗin ɗaya ne. Mai son fahimtarsu sai ya bi hanya. Ga wadda nake bi, zan kuma riƙe "skrrt" a matsayin babban misali tun da shi ya fi yawo a bakin yara.

Mataki na farko: tantance daga ina sautin ya fito

Kafin ka nemi ma'ana, fara gane ko baki ne ya yi shi ko na'ura. Iri uku ake yawan cakuɗawa.

Akwai wanda mawaƙi ke yi da bakinsa a bayan babbar muryarsa. Shi ake kira adlib, daga Latin "ad libitum", wato yadda mutum ya ga dama. "Skrrt", "brr", "grrah", "yeah", haushin kare, dariya, duk a nan suke. Asalin abin aikin mutum na biyu ne a kan dandamali, mai zuga taro yana cike wa mawaƙi gurbi idan zai ja numfashi, irin aikin da Flavor Flav ya yi suna a kansa a ƙungiyar Public Enemy tun shekarun 1980. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya saurari Shata ko Ɗanƙwairo ya san 'yan amshi, ya san sanƙira mai kutsowa da kirari ana tsakar waƙa, ya san maguɗiya. Bambancin kawai shi ne a rap na yanzu mawaƙi shi ne sanƙiran kansa: ya gama rera baitinsa, ya koma a sake ɗaukar muryarsa yana amsa wa kansa.

Akwai kuma sautin na'ura: jiniyar 'yan sanda, ƙarar ɗana bindiga, ƙahon nan mai tsananin ƙara da aka aro daga wuraren rawa na Jamaika, da karce faifai. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi rikitawa da "skrrt". Karce faifai aikin DJ ne, wato mai kunna faifai a wurin rawa, ya dafa faifan garmaho da yatsu yana kai shi gaba da baya a ƙarƙashin allura, kuma ana danganta ƙirƙirarsa ga Grand Wizzard Theodore na unguwar Bronx a birnin New York cikin shekarun 1970. Kama suka yi a kunne, amma tarihinsu ba ɗaya ba ne.

Na uku tambarin mai haɗa kiɗa ne, 'yar gajeriyar magana da ke fitowa a farkon waƙa. Sa hannu ne kawai, kamar yadda tela ke liƙa sunansa a wuyan riga. Kada ka wahalar da kanka neman alaƙarsa da baitin.

Mataki na biyu: saurara yadda ya kamata

Lasifikar waya ba za ta yi ba. Tana haɗe komai wuri guda, adlib kuwa galibi a gefe ake ajiye shi, kunnen hagu ko na dama, kuma a rage masa ƙarfi. Sa abin sauraro a kunnuwa biyu, ka ji waƙar sau ɗaya gaba ɗayanta ba tare da tsayawa ba. A karo na biyu cire na dama, a na uku cire na hagu. Za ka yi mamakin abin da ke ɓoye a can baya.

Idan a YouTube kake, shiga wurin saita gudu ka mayar da shi 0.75, in ya ƙi fitowa ka sauke zuwa 0.5. Rubuta minti da daƙiƙar da sautin ya faɗo. Wannan ɗan rubutun zai yi maka amfani a mataki na biyar, domin za ka dawo wurin sau da yawa.

Mataki na uku: rubuta shi, sannan ka bincika da rubutu iri-iri

Sautukan nan ba su da daidaitaccen rubutu. Za ka ga skrrt, skrt, skrr, skurt, skrrrt da "r" uku ko biyar. Duk abu ɗaya ne. Gwada su ɗaya bayan ɗaya tare da sunan waƙar. A shafukan da ake rubuta baitocin waƙoƙi, irin su Genius, al'adar ita ce a sa adlib cikin baka biyu a ƙarshen layi, don haka da ka buɗe ka san inda za ka kai ido.

Abu ɗaya dai: bayanan da ke irin waɗannan shafuka masu sauraro ne ke rubuta yawancinsu, wani ya sani, wani hasashe yake. Na Urban Dictionary, ƙamus ɗin kalmomin titi na Turanci a intanet, ma ya fi, kowa na iya zuba abin da ya ga dama. Karanta uku ko huɗu, ka riƙe inda suka haɗu, ka ajiye sauran a gefe har sai kunnenka ya tabbatar.

Mataki na huɗu: tambayi kanka, kukan me ake kwaikwayo?

Kusan duk waɗannan sautuka kwaikwayon wani abu ne na zahiri. A nahawun Hausa muna da sunan irin wannan kalma, amsa-kama, kuma harshenmu cike yake da su: ya faɗi tim, ya tsaya cak, tsuntsu ya tashi firr, ya wuce fuu, ya taka birki ƙiii. Wanda ya tashi da irin waɗannan kalmomi a baki ya riga ya yi rabin aikin.

"Skrrt" kukan taya ne a kan kwalta. Amma ka lura, taya tana yin wannan kuka a hali uku, kuma ukun ba ɗaya ba ne: lokacin da aka fizgi mota da ƙarfi daga tsaye har tayoyin baya suka yi juyi a wuri ɗaya, lokacin da aka karya kwana a guje, da lokacin da aka take birki ba shiri. Duk wanda ya taɓa ganin samari na wasan mota a ranar ɗaurin aure ya ji ukun nan da kunnensa, ya kuma shaƙi ƙaurin robar. Tashi, kaucewa, tsayawa. Daga waɗannan ukun ne kusan duk ma'anonin kalmar suka tsiro.

Akwai kuma tushe na biyu da yawancin masu maimaita kalmar ba su sani ba. Salon da ya yaɗa ta sunansa trap, ya taso ne daga Atlanta a jihar Jojiya ta kudancin Amurka, kuma a bakin 'yan can "trap" na nufin gidan da ake sayar da ƙwaya. T.I. ya sa wa kundinsa na 2003 suna Trap Muzik, daga nan sunan ya zauna. A cikin waƙoƙin wannan salo ana yawan maganar dafa hodar iblis a tukunya, kuma "skrrt" a irin wannan wuri ƙarar cokali mai yatsu ce yana kankare gindin tukunyar. Ba mota a wurin ko kaɗan. Wannan shi ya sa ba na yarda da wanda zai ce maka "ai ma'anarsa kaza ce" ya yi shiru.

Game da lokaci, sautin ya daɗe a bakin mutane, amma a shekarun 2010 ya cika duniya. Kodak Black, ɗan garin Pompano Beach a Florida, ya fitar da waƙa mai suna "Skrt" a ƙarshen 2014. Ƙungiyar Migos ta Quavo da Offset da Takeoff, 'yan Lawrenceville a bayan garin Atlanta, su suka mayar da adlib tamkar murya ta huɗu a ƙungiyarsu, kuma da waƙarsu "Bad and Boujee" ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a Janairun 2017, salon nasu ya shiga ko'ina, har inda ba a jin Turanci.

Mataki na biyar: koma ga ɗangon da ya zo kafin sautin

Nan ne aikin yake. Adlib ba ya tsayuwa shi kaɗai, amsa yake ba wa maganar da aka gama faɗa. Koma wurin da ka rubuta, ka saurari ɗango ɗaya ko biyu da suka gabace shi, ka fassara su da Hausa a ranka. Don kada in ɗauko baitin wani, zan ƙirƙiri nawa misalan.

A ce mawaƙi ya ce, "Na sayi sabuwa, ko lamba ban sa mata ba," sai ka ji skrrt. Wannan mota ce kai tsaye. Alfahari yake, yana sa ka ji motar da kunnenka maimakon ya tsaya siffanta ta. Shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi yawa.

A ce ya ce, "Na hango su a kwana, ban tsaya gaisuwa ba," skrrt. Nan gudu ne. Ya cika wandonsa da iska, ko daga 'yan sanda ko daga abokan gaba. Wannan ne ƙanena ya ara da zai tafi kasuwa: na tafi, kuma da sauri.

A ce ya ce, "Jiya ba ka san ni ba, yau kana kirana ɗan'uwa," skrrt. Babu mota, babu gudu. Kaucewa ce. Ya ga mutumin ya karkatar da sitiyari, wato ya share shi, ya raba gari da shi. Waƙar Kodak Black da na ambata a wannan ɓangaren take, maganar barin mutane ce. A ganina wannan ita ce ma'anar da ta fi daɗi, domin a nan ne kwaikwayon ƙara ya zama habaici. Mutum ya faɗi "ba ruwana da kai" ba tare da ya furta ko kalma ɗaya ba.

A ce kuma ana cikin hira wani ya ce, "Wai ka ji ya saki matar tasa tun watan jiya?" sai ɗayan ya ce, "Skrrt, me ka ce?" Wannan birki ne. Dakata, koma baya, maimaita. Wannan amfani ya fi yawa a hira da saƙonnin waya fiye da cikin waƙa. Kusa da shi akwai na canza zance: mutum na magana a kan abu, sai ya ce skrrt ya karya kwana zuwa wani.

Idan ɗangon yana maganar tukunya, murhu, wuyan hannu yana juyawa, sikeli ko cokali, to ka san tushe na biyu ne, na ƙwaya.

Sannan akwai na shida, wanda dole in faɗa don kada ka yi ta tono inda babu ruwa. Sau da yawa sautin ba ya nufin komai. Gurbi ne ya samu a kiɗan, mawaƙi ya cike shi, kamar yadda makaɗi ke ƙara ɗan bugu a kalangu tsakanin jimla da jimla. Yadda za ka gane shi: ka cire shi a ranka ka sake karanta ɗangon. Idan ma'ana ba ta ragu ba, kiɗa kaɗai ya rame, to ado ne. Wannan ba aibi ba ne. Baki a nan ya zama ganga.

Mataki na shida: wane ne mawaƙin, kuma ɗan ina ne?

Sauti ɗaya kan canza ma'ana daga gari zuwa gari, har daga baki zuwa baki. "Brr" shi ne misali mafi kyau.

A bakin Gucci Mane na Atlanta, "brr" rawar ɗari ce. A salon maganarsu ana kiran lu'ulu'u ƙanƙara, don haka wanda ya sha sarƙoƙi da agogo masu walwali sanyi yake ji. Mutumin ya riƙe wannan sauti har a 2011 ya sa aka yi masa zanen askirim a kumatu da "Brrr" rubuce a jiki. A bakin Birdman na New Orleans kuwa kukan tsuntsu ne, daidai da sunansa. A wani wurin ƙarar waya ce tana ringin, alamar ciniki na shigowa, ko injin ƙirga kuɗi. Idan aka ƙarasa shi da "p" ko "t" mai ƙarfi, "brrap" ko "brrt", to bindiga ce, kuma a Landan wannan ya samo asali daga al'adar wuraren rawa na Jamaika, inda jama'a ke kwaikwayon harbi da baki da yatsu don jinjina wa mawaƙin da ya burge su. Wato a can ma yabo ne sau da yawa. Ka ga harafi uku, ma'ana biyar.

Wasu sautukan kuma sa hannu ne kawai. DMX, ɗan Yonkers wanda ya rasu a 2021, haushin kare yake yi da gurnani. Rick Ross na da wani nishi mai kauri daga ƙirji. Lil Jon ihun "yeah" da "okay" yake da murya mai tsaga. Da ka ji ka san mai shi ya shigo, ko da baitinsa bai fara ba. Darajar irin wannan tambari ta kai a 2019 Cardi B ta nemi a yi mata rajistar "okurrr" a matsayin alamar kasuwancinta, ofishin rajista na Amurka ya ƙi, bisa dalilin cewa kalma ce da jama'a suka riga suka saba amfani da ita.

Sai salon drill, wanda ya taso a kudancin Chicago a farkon shekarun 2010, Chief Keef na cikin waɗanda suka fito da shi, ya ƙetara Landan, ya dawo Brooklyn da Bronx. A nan yawancin sautukan harbi ne: "bang", "bow", "grrt", "grrah". Ɗan wasan barkwanci Michael Dapaah, ɗan Landan mai iyaye 'yan Ghana, ya yi suna a 2017 da sunan Big Shaq saboda ya jero irin waɗannan ƙararrakin bindiga a jere har suka zama abin dariya. Yara da yawa sun haddace su a lokacin ba tare da sanin cewa shaguɓe yake yi wa masu yin abin da gaske ba.

Mataki na bakwai: tabbatar ba taken wani gungu kake ɗauka ba

Wannan mataki gajere ne amma kada ka tsallake shi. Wasu kalmomin da ke kama da ihu sunaye ne. "Woo" da Pop Smoke ya yaɗa sunan ƙawancen wasu gungun matasa ne a Brooklyn, masu abokan gaba na haƙiƙa. Shi kansa an harbe shi a Los Angeles a Fabrairun 2020 yana da shekara 20. "Slatt" da aka san Young Thug da shi taƙaitawa ce ta wata jimlar Turanci, kuma da hukumomin gundumar Fulton a Atlanta suka tuhume shi tare da wasu mutum 27 a Mayun 2022, sun lissafa kalmar cikin alamomin da suka ce gungunsu na amfani da su, alƙali ya kuma yarda a kawo baitocin waƙa a matsayin shaida. A 2022 ɗin ne jihar Kalifoniya ta yi dokar taƙaita amfani da baitocin mawaƙa a kotu, saboda muhawarar ta yi zafi.

Ba ina cewa duk wanda ya furta "woo" ɗan daba ba ne. Miliyoyin masu sauraro suna faɗa ba tare da wata niyya ba. Amma wanda zai sa kalma a waƙarsa ko a sunan shafinsa ya kamata ya san kayan wa ya ɗauko. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: rubuta kalmar tare da sunan garin mawaƙin, ka ga ko rahotannin jaridu da na kotu za su fito. In sun fito, karanta kafin ka maimaita. "Skrrt" dai ba ya cikin wannan sahu, ba na kowa ba ne.

Mataki na takwas: gwada shi da Hausa

Wannan ne gwajin da na fi yarda da shi. Cire sautin, ka sa amsa-kamar Hausa a gurbinsa, ka ji ko ɗangon ya zauna. In "fuu" ko "fit" ta dace, tashi ne. In "ƙiii" ko "cak" ta dace, birki ne. In tsaki ne ya fi dacewa, to sharewa ce. In ka sa "wal-wal" a gurbin "brr" ka ji daidai, maganar sarƙa ce. In "tau" ko "ratata" ce ta shiga, ka san inda aka dosa. In duk ka gwada babu wadda ta fi wata, ka koma ga ma'ana ta shida, ado ne.

Da wannan na koma wurin Umma na ce mata, "Cewa ya yi ya tafi fuu." Ta ce, "To ai sai ya faɗa da Hausa."

Idan kana son furta shi

Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka mayar da brake birki, brush buroshi. Bakinka zai so ya ce "sukurut". Don kauce wa haka, fara da dogon "sss" kamar kana kiran mai talla, ka datse shi da "k" ba tare da ka buɗe baki ba, sannan ka saki "r". A nan Bahaushe yana da riba, domin muna da "r" mai kaɗawa irin ta "biyar" da "arba'in", wadda Amurkawa da yawa ke fama da ita. Ɗaga murya sama siririya, tun da taya ba ta kuka da kauri, ka rufe da "t" gajere. Duka bai wuce rabin daƙiƙa ba.

A hira da sa'o'inka ko a saƙon WhatsApp ba laifi, musamman ma'anar tafiya da ta birki. Ma'anar sharewa kuwa tana da kaifi, ka san wanda za ka yi wa. A gaban manya ka bar shi. Babba da bai san kalma ba zai ɗauke ta a mafi munin fassara, kuma yana da uzuri.

Idan kai mawaƙi ne

Rap na Hausa ya yi nisa, daga Kano da Kaduna da Bauchi da Jos har Yamai da Damagaram, kuma kusan kowa na sa adlib. Ga yadda ake ɗaukarsa ya fito tsaf, ko a sutudiyo kake da manhajar FL Studio ko a ɗaki da manhajar BandLab a waya.

Gama babbar murya tukuna, har ka gamsu da ita. Kada ka haɗa biyun a ɗauka ɗaya, numfashinka ba zai kai ba, kuma ba za a iya gyara ɗaya ba tare da an taɓa ɗaya ba. Buɗe sabon layin ɗauka. Saurari baitin da takarda a hannu, ka yi alama duk inda ka ja numfashi. A rap yawanci kowane ma'aunin kiɗa bugu huɗu ne, kuma galibi gurbin yana kan bugu na huɗu ko daf da shi. Waɗannan wurare ne kaɗai naka. Adlib da ya hau kan kalmar ƙarshe ta ɗango ya kashe amsa-amon da ka sha wahalar nema.

Ja baya daga makirfo kamar taki ɗaya, domin ihu a kusa yana fasa sauti. Ɗauki baitin daga farko har ƙarshe sau biyu ko uku kana faɗin duk abin da ya zo bakinka, kada ka tsaya gyara. Bayan nan ka zauna ka zubar da fiye da rabi. Wannan ne wurin da sabon shiga ke kasawa, komai yana so ya bari, sai waƙa ta zama kasuwar ƙauye. In ɗango huɗu ne, biyu sun isa su samu amsa.

Wajen haɗawa, rage ƙarfinsa ya koma bayan babbar murya, yadda za a ji shi amma ba zai yi gasa da ita ba. Yanke masa kaurin ƙasa, abin da ke ƙasa da 150 zuwa 200 a ma'aunin Hertz, don ya bar wa gangar 808, wato bugun nan mai kauri na na'ura, filinta. Tura wannan hagu, wancan dama. Ƙara masa ɗan amsa-kuwwa fiye da na babbar murya don ya ji kamar daga nesa yake. Daga nan ka saurara a lasifikar waya, tun da a nan yawancin masu sauraronka za su ji shi. In ya ɓace gaba ɗaya, ɗaga kaɗan.

Abin da ya rage shi ne zaɓin sautin kansa, kuma a nan ina da ra'ayi. Yana damuna in ji yaro ya rera baiti mai kyau da Hausa a kan wahalar neman abinci a unguwarsu, sannan ya rufe da ƙarar bindigar Chicago wadda ba ta amsa komai a cikin abin da ya faɗa. Waɗanda suka ƙirƙiro sautukan nan daga titinsu suka ɗauko su, motocinsu da tukwanensu da tashin hankalinsu. Kai ma kana da titi. Akwai odar adaidaita sahu, akwai kiran kwandasta a tasha, akwai tashin janareta, akwai ihun yara idan aka kawo wuta, akwai guɗa, akwai tsaki, akwai "kaf" da "wuf" da "daram". Ɗauki ɗango guda daga waƙarka, ka yi masa ɗauka biyu, ɗaya da "skrrt" ɗaya da "ƙiii", ka kunna wa mutum uku da ba su san wanne ka fi so ba, ka tambaye su wanne suka ga motar a ciki.